Tarihin Garin Vevey da Madarar Gwangwani

Darasinmu na tarihi yau zai kai mu ƙasar Suwis, can tsakiyar Turai, wani ɗan gari da ake ce ma Vevey. Mutanensa kamar dubu 20 ne, ko kusa bai kai Tawa girma ba. Amma duk wadda ta jefa Maggi cikin tukunya, da duk wanda ya sha Nescafé wurin mai shayi, ya taɓa hajar kamfanin da cibiyarsa take a garin nan.

Vevey yana bakin tabkin Leman, gabas da birnin Lozan. Tabkin babba ne, Suwis da Faransa suka raba shi. Mutanen garin Faransanci suke yi. Tun zamanin Rumawa wurin zango ne na fatake masu ƙetaro duwatsu daga Italiya. Daga 1536 zuwa 1798 garin yana ƙarƙashin mulkin Bern, masu jin Jamusanci, amma bai bar harshensa ba. Har yau kasuwarsa tana ci Talata da Asabar.

Ƙasar wurin gangare ce. Sai manoma suka gina katangu na dutse hawa-hawa don su tare ƙasa, suka shuka inabi, wanda yawancinsa giya ake yi da shi. Tun 1797 suna yin wani babban biki, inda ake sa ma manoman da suka fi ƙwazo kambi a gaban jama'a. Ba kullum ake yinsa ba: an yi a 1977, da 1999, da 2019. Can bisa duwatsu kuma akwai makiyaya da shanu. Madara ta wadata, amma makiyayanmu sun san halinta, ba ta jimawa sai ta lalace.

Wani baƙo ne ya samo dabara. Sunansa Henri Nestlé, an haife shi a Frankfurt ta ƙasar Jamus a 1814, ya koyi aikin haɗa magani, ya zo ya zauna Vevey. A zamanin nan jarirai suna mutuwa da yawa a Turai, balle waɗanda uwayensu ba su iya shayar da su. A 1867 ya haɗa madarar shanu da garin alkama da sukari, ya busar da su suka zama gari mai ajiyuwa. Kafin ya sayar da kamfaninsa a 1875, garin nan ya shiga ƙasashe da dama.

Maƙwabcinsa Daniel Peter da can kyandir yake yi. Da fitilar kananzir ta fito, sai ciniki ya mutu, ya koma sana'ar surukansa, wato cakulan. Ya yi shekaru yana gwaji, har a 1875 ya gane yadda za a haɗa cakulan da madara ba tare da ya ɓaci ba. Kamfanin Nestlé kuwa ya yi ta girma: ya haɗe da wani kamfanin madara a 1905, ya fito da Nescafé a 1938, Maggi ya shigo hannunsa a 1947.

To, jama'a, ga inda ya kamata mu kasa kunne. Wajen 1970 likitoci suka fara kuka a kan yadda kamfanonin madarar jarirai, har da Nestlé, suke talla a Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu. Uwaye suna barin nono suna kama bibiro. Wadda ba ta iya karatu ba, ba ta san awon da aka rubuta jikin gwangwani ba. Madarar tana da tsada, sai a tsinka ta da ruwa don ta daɗe. Ruwan kuma na rijiya ne ko na tabki, ba a tafasa ba. Sakamakon shi ne zawo da tamowa, yara da yawa suka rasu. A 1977 aka fara ƙaurace ma kayan Nestlé a Amurka. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idojin da suka hana tallan irin wannan madara ga jama'a. Shawarar hukumar a yau ita ce nonon uwa zalla har wata 6.

Abin da aka ƙirƙiro don ceton yaro, shi ne ya zama masa cuta inda babu ruwa mai tsabta kuma babu karatu. Saboda haka, malaman yaƙi da jahilci, a zama mai zuwa kowa ya zo da gwangwani ko fakiti daga gidansa. Ku karanta tare: wane gari aka yi shi, cokali nawa ake zubawa, wace rana yake lalacewa, kuma ɗan wata nawa ake ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.