Alkama da Sanyin Hunturu: Tarihin Shukar da Ba Ta Son Jinkiri

Alkama tsohuwar shuka ce a ƙasar Hausa da Borno, kuma ana kyautata zaton fataken da ke ratso Sahara ne suka shigo da irinta. Matafiya Turawa irin su Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, da Barth a 1851, sun tarar ana nomanta ta hanyar ban ruwa. A wancan zamani noman lambu ne: manomi ya yanka fangali a bakin fadama, ya kafa jigo, ya riƙa ɗebo ruwa da ƙwarya. Abin da ake samu kaɗan ne, saboda haka ta zama abincin sarakai da attajirai da na ranar biki. A tsofaffin unguwannin cikin ganuwar Bauchi, alkaki da finkaso da taliya sun fi fitowa a lokacin aure da salla, tuwon dawa da na masara kuwa su ne na yau da kullum.

Dalilin tsadarta yana cikin halinta. Alkama, kamar 'yar uwarta sha'ir da ɗalibai suka fi sani a babin zakka fiye da a gona, shukar ƙasashen sanyi ce. A makonnin farko bayan tsirowa take fid da 'ya'ya daga gindi, kowane ɗa kuma zangarniya ce ta gobe. A daidai wannan lokaci ne, tun zangarniyar tana ɓoye cikin kara, ake yanke yawan ƙwayar da za ta ɗauka. Idan akwai sanyi, gindi ɗaya sai ya cika ya yi duhu. Idan zafi ya riga, sai ta miƙe tsilla-tsilla ta yi saurin fid da kai, kuma takin da aka zuba daga baya ba ya mayar da abin da ya wuce. Sanyin da Arewa ke da shi na hunturu ne kawai, shi ya sa masana suka tsayar da shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya kai Janairu, zafin Maris zai riski gonarsa tana cikin zuba ƙwaya. Tsabar ta fito a motse, mudu ya yi sakayau, gari ya yi ƙaranci wajen niƙa.

Gwamnati ta shiga harkar gadan-gadan a shekarun 1970. An gina madatsar ruwa ta Tiga don shayar da gonakin Kadawa, aka gina ta Bakolori, aka kuma kafa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, wadda aka ɗora wa alhakin inganta irin alkama da sha'ir da gero. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, jihohi suka yi rububin nomanta, har da fadamun Jama'are a arewacin Bauchi. Sha'ir bai samu gindin zama ba. Da aka hana shigo da tsirarren sha'ir a 1988, kamfanonin abin sha sai suka koma kan dawa.

Haramcin alkamar bai daɗe ba aka janye shi a farkon shekarun 1990. An ɗora laifin a kan fasa-ƙwauri da tsadar kayan noma, da gaskiya a ciki, amma akwai cikas ɗin da ba a cika ambata ba. Iri da taki kan iso hannun manomi a makare, ruwan madatsa ma haka, shinkafar damina kuma takan riƙe gona har Disamba ta yi nisa. Manomin jigo da ke ajiye irinsa a tukunya ya fi dacewa da lokaci. Har yanzu mafi yawan fulawar da masu burodi ke kwaɓawa a Bauchi daga alkamar ƙasashen waje ake niƙa ta.