Sarƙar cikin inji: abin da mai tsohuwar mota zai sani kafin ya je garaji

In kun taɓa tada tsohuwar mota da sassafe kuka ji wata ƙara daga gaban inji, kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwani ana kaɗawa, bayan daƙiƙa biyu ko uku kuma ta yi shiru, to sarƙar cikin inji ce ke magana. Makanikan Yamai suna ce mata shen distiribisiyo, a Kano da Katsina kuma taimin cen. Direba yakan ce "ai motar ba ta ɗauki zafi ba ne", ya ja ya tafi. Ran da ta ƙi shi tsakanin Doso da Dogon Dutsi, da mara lafiya a kujerar baya, ran nan zai tuna da wannan ƙara.

Mene ne aikinta?

A ƙasan inji akwai sandar da fistan ke juyawa, wadda ake kira bilbirkin. Akwai kuma wata sanda, arbakam, mai buɗe supap da rufe su, wato ƙofofin da iska da mai ke shiga, hayaƙi ya fita. Kowace sanda tana da faifai mai haƙora a bakinta, shi ne piniyo, sarƙar kuma ita ke haɗa su. Sai ta ƙasa ta juya sau 2 kafin ta sama ta juya sau 1, shi ya sa haƙoran piniyon sama suke ninka na ƙasa, misali 36 da 18. Sarƙar ta tsallake haƙori ɗaya kawai, lissafi ya ɓaci: mota ta rasa ƙarfi, ta sha mai, ta yi wuyar tashi. In ta tsallake da yawa ko ta tsinke, a injina da dama, musamman na gazuwal, fistan yakan doki supap ya lanƙwasa su. Aikin da zai ƙare a yini guda ya koma sauke kan inji gaba ɗaya.

Ba kowace mota ke da sarƙa ba

Wannan a riƙe shi, don ana yawan cutar mutane a nan. Yawancin tsofaffin Toyota Starlet da Corolla na shekarun 1990, irin da suka cika taksin Yamai masu jan kai, bel ɗin roba gare su, wato kuruwa. Haka Hiace na gazuwal masu injin 2L ko 3L da ake faba-faba da su, da Land Cruiser mai injin 1HZ. Ita kuruwa da lissafin kilomita ake canja ta, a 2L da 3L duk kilomita 100,000, kuma ba ta cika yin gargaɗi ba kafin ta tsinke.

Masu sarƙa sun haɗa da Corolla da suka fito daga shekarar 2000 masu injin 1ZZ, 3ZZ ko 4ZZ, da Yaris na fetur, da Hilux mai injin fetur 22R, da tsohuwar Mercedes 190 ta 1982 zuwa 1993. Sai kakarsu, Peugeot 504 ta fetur, wadda kamfanin Peugeot na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya daɗe yana harhaɗawa. Ita tata sarƙar gajera ce, don arbakam ɗinta a cikin jikin inji yake.

Abin da ke kashe ta

Ana cewa sarƙa ta miƙe. A gaskiya ƙarfen ba ya miƙewa kamar roba. Ƴan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa, kowace gaɓa ta ƙara ɗan sarari, gaɓa fiye da ɗari kuwa in aka tara sai sarƙa ta yi sako-sako. Cikin luwul take iyo, wato baƙin mai, shi ne abincinta. Abin da ke ɗaure ta, tandar, a yawancin injina da ƙarfin luwul ɗin yake turawa. In mota ta kwana luwul ya sauka, shi ne za ka ji wannan ƙarar ta safe kafin ya hau.

To ku dubi inda muke. Zafin Afrilu da Mayu a Yamai yana wuce digiri 40, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, taksi kuma tun asuba take tsaya-tashi. Mai mota ya ɗage bidanj saboda aljihu, ko ya sayi luwul na kwalba a bakin hanya wanda ba a san asalinsa ba. Ƙura da dattin mai su zama kamar dutsen niƙa a cikin gaɓoɓin nan. Sarƙar da aka ƙera don ta kai ƙarshen ran inji sai ta mutu da sauran kwananta.

Kada a canja sarƙa ita kaɗai

Nan ne gardama take tsakanin mai mota da makaniki, kuma a ganinmu makanikin da ya ce a sayi kayan duka shi ke da gaskiya. Tsohuwar sarƙa da tsohon piniyo tare suka tsufa. Haƙoran sun cinye gefe guda, sun yi tsini, wasu har sun lanƙwashe kamar ƙugiya. Ka ɗora sabuwar sarƙa a kansu, gaɓoɓinta ba za su zauna daidai ba, nauyi ya taru kan haƙori ɗaya ko biyu, ba a jima ba ƙarar ta dawo. Ka biya kuɗin aiki sau biyu ke nan, alhali buɗe gaban injin shi ne mai wahala.

Abin da ake canjawa tare: sarƙa, piniyon sama da na ƙasa, tandar, da ledojin da sarƙar ke gogawa a kansu, sai robar da ke tare luwul a bakin bilbirkin. Ledojin nan kada a raina su. A Hilux mai 22R na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, ledar takan karye, sarƙar ta riƙa cin murfin gaban inji har ta huda hanyar ruwa. Sai ka zaro sandar awon luwul ka ga ya koma kamar shayi da madara. Gutsattsarin ledar kuma suna faɗawa kaskon ƙasa su toshe rariyar famfon mai, don haka a sauke kaskon a wanke.

Kayan gwanjo na kasuwar Feray suna ceton mutane a abubuwa da yawa, fitila, ƙofa, har inji sukutum. Amma sarƙa da tandar na hannu, babu mai iya gaya maka kilomita nawa suka ci. Mun san tun da aka rufe iyakar Benin a ƙarshen Yulin 2023 kaya da yawa sun koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso, sabon abu ya ƙara tsada da jinkiri. Duk da haka gara a jira.

Wajen ɗaurawa, akwai alamomi a jikin piniyo, a wasu sarƙoƙin kuma akwai gaɓoɓi masu launi da za su zauna daidai kan alamomin. In an gama, makaniki ya juya injin da hannu zagaye 2 cikakku, ya sake duba alamomin, kafin a taɓa makulli. Ka ga wanda zai tada mota bai yi haka ba, ka ce masa: "Malam, dakata tukuna." A Mercedes na gazuwal sarƙar ce kuma ke juya famfon gazuwal, sai a sake duba saitinsa.

Ga ƴan uwa da ke waje

Ku da ke Faransa, Beljiyam, Amurka ko Abijan kuna aiko da mota gida, ko kuɗin gyaranta: lambar kilomita da ke kan allo ba abin rantsuwa ba ce. Kafin a sa mota a jirgi, a tada ta da sanyin safiya a saurara, a kuma nemi takardun bidanj. In za ku sayo kayan gyara daga can, ku ce a ɗauko muku hoton lambar shasi da lambar inji ta WhatsApp, don Corolla iri guda tana iya zuwa da inji iri uku. In kuma a gida aka yi aikin, ku ce a ajiye tsofaffin kayan da aka cire, sarƙa da piniyo biyu da tandar da ledoji, a shimfiɗa su a ƙasa a turo muku hoto.