Daga Anatot Zuwa Gaya

'Yan'uwa cikin Kristi, garuruwa da dama a Tsohon Alkawari suna ɗauke da sunayen gumaka. Bet-shemesh ma'anarsa gidan rana, alamar sujada ga rana. Anatot kuwa, masana sun ce daga gunkiya Anat sunan ya fito. Shi ya sa Ra'ubainawa suka sake wa Nebo da Ba'al-meyon suna (Littafin Ƙidaya 32:38).

Mu ma a Gaya muna da irin wannan tarihi. An ce daga nan maƙera Abagayawa suka tafi Dutsen Dala neman tama, inda daga baya Barbushe ya bauta wa Tsumburbura.

Amma ku lura, daga Anatot ɗin nan Ubangiji ya kira annabi Irmiya (Irmiya 1:1). Kada tarihin kakanninmu ya karya mana zuciya. Allah yana kiranmu a inda muke. Amin.