Tauraro

tauraro, suna, namiji, mace tauraruwa, jam'i taurari.

1. Halitta mai haske da ake gani a samaniya da dare.

2. A istilahin malaman adabi, mutum ko dabba ko aljani wanda mawallafi ya ɗora wa nauyin hikaya, wanda saboda niyyarsa da ɗabi'unsa al'amura suke aukuwa, wannan yana haifar da wancan, har zubin labari ya kai ga warwara; kamar Alhaji Imam a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, 1934, wanda neman ruwan magani ya fitar da shi uwa duniya, husumarsa da Malam Zurƙe kuwa ta yi ta ƙulla labarin.

Misali: Malamin Hausa a Toranke ya umurci ɗalibansa su bayyana halin babban tauraro.

Dubi zubi, jigo.