Zango Nawa Ne Tsakanin Bodinga da Shagari?

Bodinga da Shagari maƙwabta ne a kan titin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega, kuma tafiyar da ke tsakaninsu a mota ba ta kai sa'a guda ba. Sai dai saƙon da ya fita daga wayar ɗan kasuwa a Bodinga zuwa kwamfutar wani ofis a Shagari bai san da wannan titi ba. Idan layukan mutanen biyu na kamfanoni daban-daban ne, saƙon zai nemi inda kamfanonin suke haɗuwa, wanda sau da yawa Legas ne. Idan kuwa ta manhajar da rumbunta yake ƙasar waje aka tura shi, sai ya ƙetare teku ya dawo kafin ya shiga garin da ke bayan gida.

Akwai gajerun umarnoni uku da ake rubuta wa kwamfuta a baƙin allon nan da ake kira layin umarni, waɗanda suke tona wannan tafiya: ping, da netstat, da traceroute. Dukansu sun haura shekara 35, kuma larura ce ta haife su, a lokacin da injiniyoyi suka kasa gane inda hanya ta yanke.

Ƙofa kafin waya

Yankin Bodinga ya san sha'anin tsara hanyar saƙo tun kafin zuwan waya. Daga wajajen 1810 zuwa 1815 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana zaune a Sifawa, ƙaninsa Abdullahi kuma yana kusa da shi a Bodinga. A Sifawa ne, cikin 1812, aka raba kula da daula gida biyu: gabas a hannun Muhammadu Bello, yamma a hannun Abdullahi, wanda Gwandu ta zama cibiyarsa. Daga nan hanyar kowace wasiƙa ta samo asali. Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa suna kai al'amuransu Sakkwato, Nupe da Ilori kuma, bayan kafuwarsu, suna kaiwa Gwandu.

A Sakkwaton ma manzo ba ya faɗawa fada kai tsaye. Kowace masarauta tana da ƙofarta, wato babban mutumin da saƙonta yake bi ta hannunsa kafin ya isa ga Sarkin Musulmi, kuma gidan Waziri, tun daga Gidado ɗan Laima, shi ya riƙe kaso mafi girma na wannan aiki. Hatimi yana shaida wanda ya aiko, manzo yana ƙirga zangon da ya kwana, amsa kuma tana dawowa ta ƙofar da aka shiga. Abin lura a nan shi ne, wasiƙa tana bin tsarin iko da yarjejeniya ne ko da akwai gajeriyar hanya. Haka abin ya kasance da wayar tangarahon Turawa bayan 1903, wadda ta bi cibiyoyin mulkinsu, haka kuma yake da intanet a yau.

Disambar 1983

Ranar 1 ga Janairun 1983, ARPANET, hanyar sadarwar da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta, ta koma kan ƙa'idar TCP/IP, wadda intanet take tafiya a kanta har gobe. A wannan tsari ana yanka saƙo ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin inda ya fito da inda za shi, na'urorin da ke mararraba kuma suna miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Babu na'urar da ta san hanya gaba ɗayanta. Iyakar sanin kowace shi ne zango na gaba. Wannan ya sa tsarin ya jure wahala, amma ya haifar da matsala: idan ƙunshi ya ɓace, babu wanda zai ce ga inda ya faɗi.

Tun a Satumbar 1981 Jon Postel ya wallafa wata ƙaramar ƙa'ida mai suna ICMP, wadda ta ba na'urori damar aika wa juna rahoton kuskure, ta kuma tanadi wani saƙo da duk na'urar da ta karɓa za ta mayar da shi yadda yake. A Disambar 1983, watan da sojoji suka kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari a ranarsa ta ƙarshe, wani injiniya mai suna Mike Muuss a ɗakin binciken sojan Amurka da ke jihar Maryland ya ci karo da wata matsala a hanyar sadarwarsu. Ya zauna cikin dare ɗaya ya rubuta manhajar da ke tura wannan saƙo, ta jira amsa, ta auna lokacin da ya ɗauka. Ya raɗa mata suna ping, daga ƙarar da jirgin ƙarƙashin ruwa yake saki don ya ji amsa-kuwwa.

Aikin ping sallama ce a ƙofar gida. Ana rubuta sunansa tare da adireshi, sai ya nuna ko an amsa, da milisakan nawa amsar ta ɗauka, da kashi nawa cikin ɗari na ƙunshin suka salwanta. Waɗannan lambobi suna da ma'ana ga wanda ya san lissafinsu. Haske yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi, saboda haka kowane kilomita 100 yana cin aƙalla milisakan guda zuwa da dawowa. Daga Sakkwato zuwa Legas, tazarar kusan kilomita 1,000, ba za a samu ƙasa da milisakan 10 ba. Wayar MainOne da ta haɗa Legas da Fotugal ta kai kilomita 7,000, wato ƙarin milisakan 70 ke nan. Idan adireshin da ake zaton yana cikin Nijeriya ya riƙa amsawa bayan milisakan 150 ko 200 a kan layi mai lafiya, akwai dalilin zargin cewa saƙon yana zuwa Turai ne ya dawo.

A shekarar 1983 ɗin ce kuma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da tsarin 4.2BSD, wanda ya zo da netstat. Shi wannan cikin gida yake dubawa. Yana jera duk hulɗar da kwamfuta take yi a wannan lokaci da wanda take yi da shi, yana ƙirga ƙunshin da suka shiga da waɗanda suka fita da waɗanda suka lalace, kuma idan aka ƙara masa -r sai ya nuna jadawalin hanyoyi. A cikin jadawalin akwai layi ɗaya mafi muhimmanci: adireshin na'urar da ake miƙa wa duk saƙon da ba na cikin gida ba. Injiniyoyin Amurka ma da sunan ƙofa suka kira ta. A kwamfutocin Linux na yanzu umarnonin ss da ip sun gaji mafi yawan wannan aiki, amma tambayar ba ta sauya ba.

Dabarar guzuri

A Oktobar 1986 cunkoso ya durƙusar da intanet. Tsakanin ɗakin binciken Lawrence Berkeley da jami'ar da ke kusa da shi, tazarar yadi 400 kacal, gudun bayanai ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa 40. Van Jacobson, wanda ya gano maganin cunkoson, shi ne ya rubuta traceroute a 1987, kuma dabararsa abin sha'awa ce.

Kowane ƙunshi yana fita da wata lamba da za a iya kira guzurinsa, 64 a yawancin kwamfutocin Linux, 128 a Windows. Duk zangon da ya sauka ana cire ɗaya. Idan guzurin ya ƙare, na'urar da ya ƙare a hannunta takan jefar da ƙunshin ta aika wa mai shi rahoto, ɗauke da adireshinta. An yi wannan ne don kada ɓataccen ƙunshi ya yi ta yawo har abada. Jacobson ya juya abin: ya tura ƙunshi da guzurin zango ɗaya, na'urar farko ta kai ƙara, ta haka ta bayyana kanta, ya tura da na biyu, ta biyu ta yi magana, haka har ƙarshen hanya. Abin da ke fitowa a allo jerin zanguna ne, kowanne da lokacinsa, yawanci gwaji uku-uku, har zuwa zango 30. A Windows sunansa tracert. Alamar tauraro tana nufin zangon bai amsa ba, kuma ba lallai ne lalacewa ta jawo ba, domin kamfanoni da yawa, musamman na wayar salula, sukan hana na'urorinsu amsawa.

Abin da jerin ke faɗa game da Nijeriya

Lokacin da ake rubuta ping da netstat, wayar cikin gida a Nijeriya tana hannun hukumar gidan waya, ta ƙasashen waje kuma tana hannun kamfanin NET, kafin a haɗe su a matsayin NITEL a 1985. Har zuwa 2001, shekarar da aka sayar da lasisin GSM, layukan ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Ga mafi yawan garuruwa irin Bodinga da Shagari, intanet ta wayar hannu ta iso, amma babbar mashigarta daga teku tana Legas: can SAT-3 ta sauka, can MainOne da Glo-1 suka fara aiki a 2010, sannan WACS a 2012, daga baya kuma ACE. A 2006 aka kafa IXPN, cibiyar da kamfanoni ke musayar saƙonnin cikin gida ba tare da sun fita waje ba; ta fara daga Legas, daga baya ta buɗe rassa a wasu birane, har da Abuja da Kano.

Abubuwa uku na 'yan shekarun nan sun nuna yadda katsewa take da iri-iri. Ranar 12 ga Nuwambar 2018, kuskuren saiti a MainOne ya sa kamfanin ya shelanta wa duniya hanyoyin zuwa Google, sai saƙonnin mutane daga ƙasashe da dama suka karkata ta Rasha da China na tsawon fiye da sa'a guda. Nan hanya ce ta ɓace, kuma baƙin sunaye a tsakiyar jerin zanguna ne suka tona ta. A Satumbar 2021, bayan an rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda 'yan bindiga, gwamnatin Sakkwato ta sanar da rufe su a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar. A irin wannan hali saƙo ba ya ko kai zangon farko, domin ƙofar ce aka kulle. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi suka shiga wahala. A nan saƙo yana ratsa Nijeriya lafiya, sai a bakin teku ya tsaya ko ya zagaya ta doguwar hanya.

Ga mai POS a kasuwa, ko jami'ar asibitin da za ta tura rahoto, ko mai kula da cibiyar jarrabawar JAMB, duka ukun suna da suna ɗaya: babu sabis. Amma masu alhakinsu uku ne daban, maganinsu ma haka, kuma mafi yawan matsalolin yau da kullum sun fi waɗannan kusa: na'urar ofis, ko turken da injinsa ya mutu, ko wayar gilashin da masu aikin titi suka tsinke. Ma'aikacin da ya fara da duba ƙofarsa da netstat, ya yi mata sallama da ping, sannan ya bi sawu da traceroute, zai san cikin minti biyar ko gyaran nasa ne ko na kamfani, kuma idan ya kai ƙara zai kai ta da lambar zango da lokaci, abin da ke da wuyar musantawa.

Wannan ilimi yana da amfani har a teburin masu tsara manufofi. Idan za a ba da kwangilar haɗa makarantu da asibitocin Sakkwato da intanet, ba gudun layi kaɗai ya kamata a tambaya ba. A tambayi inda kamfanin yake musayar saƙo da sauran kamfanoni, da ko yana da hanya ta biyu idan ta farko ta yanke, da inda rumbun bayanan jihar yake ajiye. Amsoshin su ne za su yanke ko takardar da ofishin ƙaramar hukumar Bodinga ya tura wa na Shagari za ta isa a ranar da waya ta tsinke a teku.