Dillancin Intanet: Sana'a Ce Ko Damfara Cikin Sabuwar Riga?

Duk mai bibiyar Facebook, TikTok ko WhatsApp ya saba da tallan. Matashi tsaye gaban mota, hoton alat na banki a gefe, sai alƙawarin cewa da wayar hannu kaɗai za a iya samun dubban ɗaruruwan naira a wata ta hanyar abin da ake kira "affiliate marketing" a Turance. Wasu na ganin wannan ce mafita ga matashin da ya gama karatu bai samu aiki ba. Wasu kuwa, musamman waɗanda MMM ta taɓa ƙonawa, da zarar sun ji sunan sai su kama aljihunsu.

Kowane ɓangare yana da hujja, domin abubuwa biyu ne mabambanta suke yawo da suna ɗaya. Wannan bayani ya rarrabe su.

Mene ne dillancin intanet?

Bahaushe ba baƙo ba ne ga ainihin sana'ar. A kasuwar shanu ta Wudil ko ta Potiskum, dillali yana haɗa mai dabba da mai saye, in ciniki ya faɗa sai ya karɓi la'adarsa. Dabbar ba tasa ba ce, kuɗinta ma ba nasa ba ne. Abin da yake sayarwa shi ne sanin mutane da kuma amanar da suka ba shi.

Haka abin yake a intanet. Kamfani yana da kaya ko wata hidima. Yana bai wa mai talla wani linki na musamman mai ɗauke da lambar da ke nuna shi ne ya turo mutum. Mai talla yana sanya linkin a shafinsa ko a ƙarƙashin bidiyonsa. Idan wani ya latsa, ana ajiye wata 'yar alama a wayarsa ko kwamfutarsa, wadda ake kira kuki. Idan ya sayi kayan kafin wa'adin alamar ya ƙare, kamfani yana biyan mai talla wani kaso na kuɗin. Wasu kamfanonin suna biya ne a kan ciniki, wasu a kan rajistar sabon abokin hulɗa, kaɗan kuma a kan yawan latsawa.

Abin lura a nan shi ne mafarin kuɗin: daga aljihun mai saye yake fitowa, wanda ya biya don yana buƙatar kayan.

Asalinsa

Ana danganta farkon tsarin ga wani ɗan kasuwar Amurka, William Tobin, wanda ya kafa kamfanin sayar da furanni na PC Flowers & Gifts a 1989. Amma kamfanin Amazon ne ya yaɗa shi a duniya, lokacin da ya buɗe shirinsa na Amazon Associates a 1996, inda masu shafuka ke samun la'ada a kan littattafan da suka tallata. Daga baya eBay da sauran manyan kantunan intanet suka bi sahu. A Najeriya ma Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, sun buɗe irin wannan shiri.

Manyan kafafen yaɗa labarai ma suna ci daga wannan hanya. A 2016 jaridar New York Times ta sayi shafin Wirecutter a kan kimanin dala miliyan 30. Aikin shafin shi ne gwada kayayyaki, ya faɗi wanda ya fi inganci, ya samu la'ada idan masu karatu suka saya ta linkinsa. Wannan ya isa shaida cewa sana'ar tana nan, kuma doka ta san da ita.

Nawa ake samu?

A nan ne masu talla suke yin shiru. La'adar kayan da ake iya taɓawa, kamar waya ko tufafi, ƙarama ce, galibi 'yan kaso kaɗan cikin ɗari. Ga misali na lissafi kawai: wayar naira 150,000 a kan la'adar kashi 3 cikin ɗari tana kawo naira 4,500. Idan mutum ɗaya cikin kowane ɗari da suka latsa linki ne ya saya, sai an samu latsawa 1,000 kafin a yi ciniki goma, wato naira 45,000. Daga ciki za a cire kuɗin data da na talla, ba a ma ƙirga lokacin da aka ɓata ba.

Saboda haka wanda ke samu da gaske shi ne wanda ya riga ya tara jama'ar da ke sauraronsa kuma suka amince da shi. Tara irin wannan jama'a aikin watanni ne ko shekaru. Mai lambobi ɗari biyu a WhatsApp, rabinsu dangi, kasuwarsa za ta ƙare cikin mako guda.

Akwai kuma batun iko. Kamfani ne ke tsara sharuɗɗa, kuma yana sauya su duk lokacin da ya ga dama. Wa'adin kukin Amazon awa 24 ne kacal, kuma sabon mai talla da bai yi ciniki uku cikin kwana 180 ba ana rufe masa asusu. A watan Afrilun 2020, ana tsakiyar annobar korona, kamfanin ya zabtare la'adar kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa 3, ta kayan masarufi kuma daga kashi 5 zuwa 1. Masu shafukan da suka dogara da shi sun wayi gari kuɗin shigarsu ya ragu da fiye da rabi, kuma babu inda za su kai ƙara. Mai tallan la'ada ba ma'aikaci ba ne. Ba shi da albashi, ba shi da fansho, ba shi da ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya masa.

Inda gizo ke saƙa

Idan la'adar kaya ƙarama ce haka, daga ina hotunan alat na miliyoyi suke fitowa? Amsar a mafi yawan lokuta ita ce sayar da kwas. Kwas ɗin intanet ba ya buƙatar masana'anta ko sito, don haka mai shi yana iya bayar da rabin kuɗinsa a matsayin la'ada. A misalin kwas na naira 50,000, ciniki ɗaya yana kawo naira 25,000, fiye da ribar sayar da wayoyi biyar a lissafin da ya gabata.

Sayar da ilimi ba laifi ba ne. Matsalar tana tasowa ne idan kwas ɗin bai koyar da komai ba sai yadda za a sayar da shi kansa. Mutum ya biya don ya koyi samun kuɗi, darasin ya ce masa ya nemo wasu su biya, su ma su nemo wasu. A nan mai saye da mai talla sun zama mutum ɗaya, kuma kuɗin yana gudana ne daga sababbin shiga zuwa tsofaffi.

An taɓa gurfanar da irin wannan a gaban kotu. A 2018 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka, FTC, ta maka wani kamfani mai suna MOBE a kotu, bisa zargin ya karɓi sama da dala miliyan 125 daga hannun jama'a. Ana shiga ne da dala 49 don koyon wasu matakai 21 na kasuwancin intanet, daga nan a riƙa matsa wa mutum ya sayi manyan matakai masu tsada, har na kusan dala 30,000. Sirrin da ake koyarwa a ƙarshe shi ne ya sayar wa wasu irin matakin da ya saya. Hukumar ta ce mafi yawan waɗanda suka shiga ba su mayar da kuɗinsu ba, wasu ma bashi ya yi musu katutu. Kotu ta dakatar da kamfanin.

Lissafi ma ya nuna dalilin da ya sa irin wannan tsari ba ya ɗorewa. Idan kowane mutum sai ya kawo shida kafin ya ci riba, a mataki na 10 ana buƙatar mutum sama da miliyan 60, a mataki na 11 kuma sama da miliyan 362, adadin da ya zarce yawan al'ummar Najeriya gaba ɗaya. Tilas ne na ƙasa, waɗanda su ne mafi rinjaye, su yi asara.

Dalilin da ya sa 'yan Najeriya ke ɗari-ɗari

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. MMM, shirin ɗan Rasha Sergei Mavrodi, ya yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata tare da tukuicin kawo sababbin mutane, kafin ya rufe asusun jama'a a Disambar 2016. Hukumar Inshorar Ajiya ta Najeriya, NDIC, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. A Afrilun 2025 CBEX ta durƙushe bayan ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, har fusatattun mutane suka afka wa ofishinta a Ibadan, EFCC kuma ta shiga bincike.

Waɗannan ba dillancin intanet ba ne, domin babu kayan da ake sayarwa. Amma sun yi amfani da makami iri ɗaya: linkin gayyata da tukuicin kawo mutum. Shi ya sa jama'a ke cakuɗa su, kuma masu damfara suna cin moriyar wannan ruɗani.

Yanayin tattalin arziki ma ya taimaka musu. Tun da aka saki naira a kasuwar canji a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Alƙawarin samun kuɗi da dala ya ƙara zaƙi a kunnen matashin da ba shi da aiki.

Ha'inci a cikin halastacciyar sana'ar

Ko inda kaya na gaske ne, ana samun algus. Shawn Hogan, wanda ya taɓa zama babban mai tallan eBay, ya karɓi la'adar kimanin dala miliyan 28. An same shi da cusa kuki a kwamfutocin mutanen da ba su latsa linkinsa ba, domin ya ci la'adar cinikin da ba shi ya jawo ba. Ya amsa laifi, aka yanke masa ɗaurin wata biyar a 2014.

Wanda ya fi yawa shi ne yabon ƙarya: mutum ya yabi kayan da bai taɓa amfani da su ba, ya ɓoye cewa biyan sa ake yi. A Amurka ƙa'idojin FTC sun wajabta wa mai talla ya bayyana ƙarara cewa yana samun la'ada. Wannan ya dace da abin da aka sani a fiƙihun ciniki: mafi yawan malamai sun halatta ladan dillali, da sharaɗin kayan halal ne, an san ladan, kuma babu yaudara ko ɓoye aibi.

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Babu wata doka da ta haramta karɓar la'ada a kan tallan kaya. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yaudarar mai saye da bayanan ƙarya. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta wajabta tantance talla kafin a fitar da shi, kuma hukumar ta ce tallan shafukan sada zumunta ma ya shiga ciki. Sai Dokar Zuba Jari da Hannun Jari ta 2025, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Maris na shekarar, ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu shirya damfara irin ta MMM.

Dokokin suna nan a rubuce. Giɓin yana wajen aiwatarwa, domin an saba ganin hukumomi sun motsa ne bayan kuɗin jama'a sun salwanta. Ya kamata a sani kuma cewa takardar rajista ta hukumar CAC, wadda masu talla ke yawan nunawa, shaida ce kawai cewa an yi wa kamfani rajista. Ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce, wannan hurumin hukumar SEC ne.

Tambayoyi biyar kafin a tura kuɗi

Na farko, mene ne ainihin kayan, kuma akwai wanda zai saye su a wannan farashi ko da ba a yi masa alƙawarin samun kuɗi ba? Na biyu, sai an biya kafin a samu damar talla? Shiga shirin Amazon da ire-irensa kyauta ne. Na uku, la'adar a kan ciniki take ko a kan yawan mutanen da aka shigar? Na huɗu, wanda ke gayyatar ka, daga ina nasa kuɗin ke fitowa, daga sayar da kaya ko daga rajistarka? Na biyar, akwai rubutattun sharuɗɗa da hanyar mayar da kuɗi, ko kuwa sai hotunan alat da gargaɗin cewa gurbi ya kusa ƙarewa?

Duk tambayoyin suna komawa ga guda ɗaya: wa ke biya? Idan mai buƙatar kaya ne, to dillanci ne irin wanda kakanninmu suka sani, mai ɗaukar lokaci, mai ƙaramar riba, wanda jarinsa amana. Idan kuwa wanda ya zo neman kuɗi ne ke biya, to shi ne hajar. Kuma mutanen farko da zai tura wa linkin don ya mayar da kuɗinsa su ne ƙannensa da abokan karatunsa da maƙwabtansa.