Haƙƙin ma'aikacin da ya yi aiki a ranar hutun ƙasa a Najeriya

Dokar Ranakun Hutu ta shekarar 1979 ce ta tanadi hutun ƙasa a Najeriya, kamar na Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Maulidi da Kirsimeti da ranakun 1 ga Mayu da 1 ga Oktoba. A shekarar 2019 aka mayar da Ranar Dimokuraɗiyya 12 ga Yuni.

Sai dai asibitoci da jami'an tsaro da 'yan kwana-kwana ba sa tsayar da aiki. Dokar Ƙwadago ba ta ƙayyade kuɗin da za a ƙara wa wanda ya yi aiki a ranar hutu ba. Adadin ya dogara ne da takardar ɗaukar aiki ko yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago da masu kamfani.

Abin da dokar ta tabbatar shi ne hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Idan aka tauye shi, wajibi ne a rama wa ma'aikaci ko a biya shi kuɗin ƙarin lokaci. Haka kuma yana da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi bayan wata 12.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron ƙorafe-ƙorafe kan waɗannan haƙƙoƙi.